Ruwa, sha'ir da hublon: shekaru 500 na gardama kan tukunyar giyar Jamus

Ranar 23 ga watan Afrilu na shekara ta 1516, a garin Ingolstadt da ke bakin kogin Danub, sarakunan Bavariya biyu, Wilhelm na huɗu da ƙanensa Ludwig na goma, suka fito da sabon kundin dokokin ƙasarsu. Daga cikin babobinsa masu yawa akwai wani ɗan gajere da ya shafi giya, kuma mafi yawan layukansa zancen farashi suke yi. Daga 29 ga Satumba zuwa 23 ga Afrilu, kada a sayar da ma'aunin giya, wanda ya ɗan ɗara lita guda, fiye da fenik ɗaya na kuɗin Munik. A sauran watannin shekara kada ya wuce fenik biyu. Daga bisani sai jimla ɗaya ta biyo baya, wadda ta hana a zuba komai cikin giya in ban da sha'ir da hublon da ruwa. Wanda ya saɓa, hukuma za ta ƙwace masa gangar.

Maganar farashin ta daɗe da mutuwa, amma wannan jimla guda ta rayu. Ana buga shekarar 1516 a jikin kwalabe, ana bikin ranar 23 ga Afrilu kowace shekara a matsayin ranar giyar Jamus, kuma masu dafa giya sun rabu biyu a kanta. Wasu suna ganin ita ce ta kare sana'arsu daga algus har ta yi suna a duniya. Wasu kuma suna ganin ta da takunkumi, wanda ya kashe ɗanɗano iri-iri da kakanninsu suka sani. A ƙarƙashin wannan gardama akwai tambayar da ta shafi duk wani abin ci ko sha da al'umma ke alfahari da shi: wa ke da ikon cewa wannan ne na asali, wancan kuwa bai cancanci sunan ba?

Kafin hublon ya ci kasuwa

Aikin giya a ko'ina tushensa ɗaya ne. Ana jiƙa hatsi a bar shi ya tsiro, domin tsiron ne ke sakin sinadaran da ke mayar da garin ƙwaya ya koma sukari. Sai a busar da shi, a ɓarza, a dama da ruwan zafi, a tace, a tafasa ruwan zaƙin da ya fito, a bar shi ya huce. Daga nan ƙwayoyin yisti su cinye sukarin, su mayar da shi barasa da iska. Da sha'ir ake yi a Turai, da dawa ake yin burkutu da dolo a Afirka ta Yamma, amma matakan kusan iri ɗaya ne. Matsalar da masu dafawa suka yi ta fama da ita tun fil'azal ita ce, wannan ruwa yana da zaƙi mai gundura, kuma yana saurin tsami. Dole a nemo abin da zai karya zaƙin, ya kuma tsawaita kwanansa.

A tsakiyar zamanin Turai, musamman a ƙasashen Holan da Beljik na yau da kwarin kogin Rayin, maganin da aka sani shi ne wani haɗin ganyaye da ake kira gruit. Ginshiƙinsa wani ɗan itace ne mai ƙamshi da ke fitowa a fadama, ana ƙara masa wasu tsirrai gwargwadon abin da kowane gari ya saba. Gruit ɗin nan hanyar haraji ce babba. Sarki ko babban limamin coci ko majalisar gari ne ke riƙe da ikon sayar da shi, kuma duk mai dafa giya dole ya saya a wurinsu. Ke nan tun kafin 1516, hukuma ta riga ta sa hannu cikin tukunya, kuma aljihunta ne ya kai ta.

Hublon, wanda Jamusawa ke kira Hopfen, tsiro ne mai hawa kamar wake, furensa na mace ake amfani da shi. Adalhard, shugaban gidan ibada na Corbie a Faransa, ya ambace shi cikin ƙa'idojin gidansa a shekara ta 822, kuma a ƙarni na 12 Hildegard ta Bingen ta rubuta cewa ɗacinsa yana hana abin sha lalacewa. Wannan siffa ce ta ba shi galaba. Giyar gruit ba ta iya tafiya mai nisa, ta hublon kuwa tana jure makonni cikin jirgin ruwa. A ƙarni na 14 birnin Hambur ya cika da ɗaruruwan madafan giya, yana tura ganguna zuwa Amsterdam da sauran tasoshi. Masu cin harajin gruit sun yi ƙoƙarin hana shigowarta, da suka ga ba dama sai suka mayar da harajin kan giyar hublon ɗin.

A Ingila gardamar ta ɗauki kamannin kishin ƙasa. Tsohuwar giyarsu marar hublon suna kiranta ale, ta hublon kuwa baƙi ƴan Holan ne suka kawo ta. A cikin wani littafin kiwon lafiya na shekara ta 1542, likita Andrew Boorde ya nuna cewa ta farkon ce abin shan da ya dace da Ba'ingile, ta biyun kuwa ta Ƴan Holan ce, kuma tana kumbura ciki. Ashe furen da Jamusawa suka ɗauka daga baya a matsayin alamar gargajiya, a wani wuri da wani zamani shi ne baƙon da ake zargi da ɓata gargajiya.

Abin da sarakunan Bavariya ke nema

Dokar 1516 ba daga sama ta faɗo ba. Garuruwa irin su Nuremberg da Weimar sun yi nasu ƙa'idojin tun ƙarni na 14, kuma a 1487 sarki Albrecht na huɗu ya kafa wa birnin Munik dokar sha'ir da hublon da ruwa. Bayan yaƙin gado na 1504 zuwa 1505, sassan Bavariya suka koma ƙarƙashin gida ɗaya, aka buƙaci doka guda ga ƙasar duka. Masana tarihi suna kawo dalilai uku, kuma kowane ɓangare na masu gardama a yau yana ɗaukar wanda ya yi masa daɗi.

Na farko shi ne lafiyar jama'a. Wasu masu dafawa suna zuba abubuwa masu sa maye fiye da kima ko masu guba, cikinsu har da wani tsiro ɗan'uwan zaƙami. Na biyu shi ne burodi. Alkama da wani hatsi ɗan'uwanta su ne abincin talaka, in masu giya suka shiga saye tare da masu gashi, farashi zai tashi a shekarar da damina ta gaza. Sha'ir bai yin burodi mai kyau, don haka aka bar wa tukunya shi. Na uku shi ne kuɗin shiga: hublon a gonakin Bavariya ake noma shi, ganyayen gruit kuwa na arewa ne, kuma kayan haɗi ƙalilan sun fi sauƙin sa ido da haraji.

Abin da sarakunan suka aikata daga baya ya nuna ba su ɗauki jimlar a matsayin abin da ba ya taɓuwa ba. A 1548 Wilhelm na huɗu da kansa ya ba gidan Degenberg, wasu masu sarauta da ke kusa da iyakar Bohemiya, izinin dafa giyar alkama. A 1551 wata takardar sarki ta halatta ƴaƴan koriyanda da ganyen loriye. Dokar ƙasa ta 1616 ta ƙara da gishiri da wasu ƴaƴan itace masu ƙamshi. Da gidan Degenberg ya ƙare babu magaji a 1602, sarki Maximilian na ɗaya ya karɓe ikon giyar alkama ya mayar da shi na fada kaɗai. Aka gina madafai a garuruwa da yawa, kuma ribarsu ta zama ɗaya daga manyan hanyoyin cika baitulmali, har a zamanin yaƙin shekaru talatin. Abin da aka hana talaka dafawa, shi fada ke sayar masa. Sai a 1872, lokacin da kasuwar giyar alkama ta faɗi warwas, aka sayar wa wani mai dafawa, Georg Schneider, da wannan iko.

Yisti kuwa babu shi a cikin jimlar 1516. Masu dafawa sun san shi sarai, suna kwashe shi daga tukunyar jiya su zuba a ta yau, amma suna ɗaukarsa abin da giya ke haifarwa, ba su lissafa shi cikin kayan haɗi.

Sanyi da ilimi

Wata doka ta daban, wadda ba a cika buga ta a kwalabe ba, ta fi tasiri kan ɗanɗanon giyar da duniya ke sha a yau. A 1553 Albrecht na biyar ya hana dafa giya tsakanin 23 ga Afrilu da 29 ga Satumba, saboda ta lokacin zafi tana yawan lalacewa. Sai masu sana'a suka koma dafawa da sanyi, suna ajiye ganguna cikin ramuka da ƙanƙara har bazara ta wuce. A cikin wannan sanyi wani irin yisti ne ke iya aiki, mai kwanciya a ƙasan tukunya, mai aiki a hankali, wanda ba ya barin ƙamshi mai yawa. Giyarsa ita ake kira laga, daga kalmar Jamusanci mai nufin ajiya.

A ƙarni na 19 abubuwa suka zo a jere. A 1842 wani ɗan Bavariya, Josef Groll, ya dafa laga mai launin zinariya a garin Pilsen na Bohemiya, wadda ta zama abin koyi a duk duniya. Louis Pasteur ya tabbatar da cewa yisti halitta ce mai rai, kuma a 1876 ya fitar da littafinsa kan giya, wanda ya rubuta da burin Faransa ta kamo Jamus a wannan sana'a bayan kayen da ta sha a yaƙin 1870. A cikin shekarun 1870 Carl von Linde ya ƙera injin sanyi, kuma madafar Spaten ta Munik na cikin waɗanda suka fara amfani da shi. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg na Kopenhagen, ya ware ƙwayar yisti guda ya hayayyafa ta ita kaɗai. Daga nan giya ta zama abin da injin ke fitarwa iri ɗaya, rani da damina.

Binciken zamani ya ƙara wani abin mamaki. Yistin laga ruwa biyu ne, haɗin yistin da aka saba da wani na daji mai jure sanyi. A 2011 masu bincike suka sanar da gano wannan na dajin a kurmin Patagoniya, a kudancin Amurka ta Kudu, daga baya aka same shi a Tibet da wasu wurare. Giyar da ake wa kirari da tsarki, ƙwayar da ke yin ta barbarar yanyawa ce.

Yadda dokar Bavariya ta zama ta Jamus

Da aka haɗa Jamus a 1871, Bavariya ta riƙe nata tsarin harajin giya. A arewa kuwa masu dafawa suna amfani da shinkafa da sukari da kayan yaji, kowane gari da nasa salo. Sai a 1906 aka shimfiɗa dokar kayan haɗi a kan ƙasar baki ɗaya, duk da ƙorafin masana'antun arewa. An bar ƙofa kaɗan: giyar da yistinta ke tasowa sama tana iya ɗaukar tsiron alkama, a wajen kudu kuma har da sukari. Laga kuwa tsiron sha'ir da hublon da yisti da ruwa kawai.

Sunan da dokar ta shahara da shi, Reinheitsgebot, wato umarnin tsarki, bai kai tsufan da ake zato ba. Sai a farkon ƙarni na 20 aka fara jin sa a hukumance. Kafin nan ana kiranta dokar hana madadi, suna marar armashi wanda ya fi kusa da ainihin aikinta. Sauyin sunan ba ƙaramin abu ba ne, domin da zarar an kira abu mai tsarki, duk wanda ba shi ba ya zama mai dauɗa ko da ba a faɗa ba.

Tsofaffin giyoyin arewa da dama sun ɓace a wannan zamani, wasu saboda doka, wasu saboda laga ta cinye kasuwa. Wadda ake yawan kawo misali da ita ita ce gose, giya mai tsami da gishiri da koriyanda, wadda ta samo asali a Goslar ta yi suna a Leipzig. An daina dafa ta a 1966, sai a 1986 wani mai mashaya a Leipzig ya sa aka farfaɗo da ita. Maƙwabciyarsu Beljik ba ta taɓa yin irin wannan doka ba. A can ana zuba ɓawon lemo da koriyanda a giyar alkama, ana jiƙa ƴaƴan itace a ganga, a kwarin kogin Senne kusa da Burusel ma ana barin ruwan zaƙin a buɗe cikin dare domin yistin iska ya faɗa masa. Duk da haka ita ma ta yi nata rashin: madafar farar giya ta ƙarshe a ƙauyen Hoegaarden ta rufe a 1957, sai da wani mai sayar da madara, Pierre Celis, ya dawo da ita a 1966. Wannan ya nuna ba doka kaɗai ke kashe tsohon ɗanɗano ba, kasuwa ma tana yi.

A gaban alƙalan Luksambur

Bayan kafa kasuwar bai-ɗaya ta Turai, dokar ta zama shinge a kan iyaka. Giyar Faransa ko ta Beljik da ke ɗauke da masara ko shinkafa ba ta da ikon shiga Jamus da sunan Bier. Michel Debus, shugaban madafar Fischer ta yankin Alzas, ya kai kuka Burusel, Hukumar Turai kuma ta gurfanar da Jamus gaban kotun Luksambur. Lauyoyin Jamus suka kawo hujja biyu. Ta farko, Bajamushe in ya ji kalmar Bier abu ɗaya yake nufi, sayar masa da wani abu da wannan suna yaudara ce. Ta biyu, Jamusawa suna shan giya da yawa, don haka sinadaran ƙari za su fi yi musu illa.

Ranar 12 ga Maris 1987 kotun ta yi watsi da hujjojin biyu. Ta ce ana iya kare mai saye ta hanyar rubuta kayan haɗi a jikin kwalba, kuma bai halatta ƙasa ta daskarar da al'adar masu saye da doka domin ta tabbatar wa masana'antunta fifiko ba. Ta kuma lura cewa sinadaran da Jamus ke hanawa a giya ta halatta su a wasu abubuwan sha. Aka buɗe iyaka, amma ambaliyar da ake tsoro ba ta zo ba. Madafan Jamus suka mayar da kayen kotu ya zama talla, suka riƙa buga alkawarin tsarki da manyan baƙaƙe, masu saye kuma suka tsaya kan abin da suka saba.

Hukuncin bai saki masu dafawa na cikin gida ba, dokar giya ta 1993 ta ci gaba da ɗaure su. Daga nan aka samu wani yanayi mai ban dariya: baƙo yana iya sayar da giyar masara a Barlin, ɗan ƙasa ba ya iya dafa ta. A garin Neuzelle na jihar Brandenburg, Helmut Fritsche, mai wata tsohuwar madafa ta gidan ibada, yana ƙara ɗan ruwan sukari a baƙar giyarsa, hukumar jiha ta hana shi kiranta Bier. Shari'ar ta ci fiye da shekaru goma, sai a watan Fabrairu 2005 babbar kotun harkokin mulki ta tarayya ta ba shi gaskiya. Doka ta tanadi izini na musamman ga irin waɗannan giyoyi, amma Bavariya ba ta bayar da shi.

Iskar da ta taso daga Amurka

Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 sun tarar da wani irin sha'ir mai yawan furotin, wanda ke sa giya ta yi gurɓi. Suka gano cewa haɗa shi da masara ko shinkafa yana gyara ta. Bayan haramcin barasa na 1920 zuwa 1933, manyan kamfanoni suka haɗiye ƙanana, giya ta riƙa yin salam-salam, har a ƙarshen shekarun 1970 madafan ƙasar duka ba su kai 100 ba. Tawaye ya fara daga Kaliforniya. Fritz Maytag ya ceto tsohuwar madafar Anchor ta San Faransisko a 1965, Jack McAuliffe ya buɗe New Albion a 1976, shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978 kan dokar da ta halatta dafa giya a gida, Ken Grossman kuma ya fara Sierra Nevada a 1980. Makaminsu wani sabon irin hublon ne mai suna Cascade, wanda aka fitar a jihar Oregon a 1972, mai ƙamshin lemo da itacen fir. A Birtaniya ma ƙungiyar CAMRA ta tashi a 1971 domin kare giyar ganga ta gargajiya.

Da farko waɗannan masu giyar hannu sun ɗauki dokar Bavariya abokiyar yaƙi. Tsiron sha'ir zalla shi ne tutarsu, masara da shinkafa kuwa alamar ha'incin manyan kamfanoni. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta cire masu amfani da masara daga jerin ƴan sana'ar hannu. A 2012 madafar August Schell ta jihar Minnesota, wadda Bajamushe ya kafa a 1860, ta mayar da martani cewa masara gadonta ce tun fiye da ƙarni guda, kuma larurar sha'ir ce ta kawo ta. A 2014 ƙungiyar ta sassauta ma'anar. Kowane ɓangare gargajiya yake karewa, sai dai gargajiyar ba ɗaya ba ce.

Da tafiya ta yi nisa, su kansu suka tsallake shingen. Aka yi yayin gasar ɗaci, kowa na ƙoƙarin fin wani zuba hublon a giyar da ake kira IPA. A shekarun 2010 yayi ya juya zuwa mai gurɓi, mai ƙamshin mangwaro da ɗaci kaɗan, abin da tsofaffin masu dafawa suka ɗauka aibi ne da ake sayarwa da tsada. Aka shiga zuba kofi da koko da barkono da sukarin madara. A farkon shekarun 2020 madafan Amurka sun haura 9,000, kuma gose ɗin da ta kusa mutuwa a gida ta sami masu dafa ta da yawa a can.

Da wannan iska ta iso Jamus, ta tarar da kasuwa mai raguwa. Abin da kowane mutum ke sha a shekara ya kai kusan lita 151 a Jamus ta Yamma a 1976, a 2023 kuwa ya sauko ƙasa da lita 90. Matasan masu dafawa suka ce dokar tana halatta ruwan hublon da aka tatsa a masana'anta da garin roba da ake tace giya da shi, amma tana hana ɗanyen ɓawon lemo, to ina tsarkin? A watan Fabrairu 2016, ana shirin bikin cika shekaru 500, wata cibiyar kare muhalli ta Munik ta sanar da samun ɓurɓushin maganin ciyawa na glifosat a manyan giyoyi 14. Hukumar tarayya mai auna haɗari ta ce adadin bai kai na cutarwa ba, amma an fahimci cewa dokar ba ta cewa komai game da yadda aka noma sha'ir ɗin.

Masu kare dokar suna da tasu amsar. Daga abubuwa huɗu, in ji su, madafan Jamus kusan 1,500 suna fitar da dubban giyoyi, daga mai hayaƙin itace ta Bamberg zuwa ta alkama mai ƙamshin ayaba, wanda yisti kaɗai ke kawowa. Ƙarancin kayan haɗi ba ya barin mai dafawa ya ɓoye kuskurensa. A 2012 cibiyar binciken Hüll da ke yankin Hallertau ta fitar da sababbin irin hublon masu ƙamshin lemo da kankana, ƴaƴan Cascade, domin a sami ɗanɗanon ƴaƴan itace ba tare da an taka doka ba. Kasuwa ma ta ba su wata hujja. Greg Koch na kamfanin Stone ya zo Barlin a 2014, ya sa aka saki ƙaton dutse kan tarin kwalaben manyan kamfanoni a gaban ƴan jarida. Madafar da ya buɗe a 2016 ba ta yi riba ba, ya sayar da ita a 2019.

Dawa a cikin kwalba

An yi irin wannan gwaji a Afirka ta Yamma, ta hanyar da ta saɓa wa ta Bavariya. Daga 1988 gwamnatin Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir Najeriya domin tattalin kuɗin waje. Masana'antun giya da na lemon malt suka koma kan dawa da masara, mafi yawansu daga gonakin arewa. Dawa ba ta da ƙaiƙayin da ke taimakawa wajen tacewa, garinta kuma yana buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya narke, don haka sai da aka sake injuna da hanyoyin aiki. An ɗage hanin daga baya, amma dawa ta zauna. A nan ma hukuma ce ta zaɓa wa tukunya hatsi saboda dalilin tattalin arziki, baki kuma ya saba har abin ya zama nasa. Lagar dawa ba ta da ikon a dafa ta a Munik da sunan Bier, ko da yake tun hukuncin 1987 ƙofar shigo da irinta daga maƙwabta a buɗe take.

A watan Afrilu 2016 shugabar gwamnati Angela Merkel ta halarci bikin shekaru 500 a Ingolstadt. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara UNESCO ta sa al'adar giyar Beljik, mai ƴaƴan itace da yistin iska, cikin jerin gadon ɗan Adam. Ƙungiyar masu dafa giya ta Jamus ta nemi a ba umarnin tsarki irin wannan matsayi tun 2013, ba ta samu ba. Abin da ya shiga jerin gadon ƙasar a 2020 shi ne sana'ar dafa giya da hannu, wato ilimin mutanen da ke tsaye bakin tukunya, masu bin jimlar 1516 da masu neman izinin kauce mata.